Inda na auna maikro-RNA a jinin masu ciwon hanta a Kano: abin da na yaba da abin da ya ɓata min rai

Tun watan Oktoban 2024 da aka sanar cewa Victor Ambros da Gary Ruvkun ne suka ci kyautar Nobel ta fannin likitanci saboda gano maikro-RNA, wasu 'yan guntayen abubuwa a jiki da ke rage ƙarfin aikin ƙwayoyin gado, ɗaliban digiri na biyu da nake hulɗa da su suka yi caa a kan wannan fanni. Wannan yana son ya auna ta a jinin masu ciwon suga, waccan a jinin mata masu kansar mama. Duk wanda ya ji cewa na riga na yi nawa aikin a nan Kano, ban aika samfur Legas ko Ibadan ba, tambayarsa ɗaya ce: a ina kika yi, kuma wurin ya ci kuɗinsa? Amsar da nake ba su a tsaitsaye ba ta gamsar da ni kaina, shi ya sa na zauna na rubuta ta yadda ya kamata.

Wurin ɗakin gwaji ne mai zaman kansa a cikin gari. Ba zan kama sunansa ba, don akwai ƙorafi a cikin maganata, kuma ba talla na zo yi wa kowa ba. Ainihin sana'arsu gwajin PCR ne na marasa lafiya, wanda inji ke ninka ɗan abin gadon da ke cikin samfur har a iya auna shi, musamman auna yawan ƙwayar cutar hanta a jini. Aikin ɗalibai a gefe suke karɓarsa: ka kawo samfurinka, su ajiye maka, su tace RNA, su saka a inji, ka biya bisa yawan samfur da yawan maikro-RNA da kake son a duba. A ganina sun ci kuɗinsu. Kuma ba injin ne ya sa na ce haka ba, don injin PCR yanzu ba baƙon abu ba ne a Kano tun zamanin korona. Yadda suke kula da samfur ne, da kuma yadda ba sa sayar maka da abin da suka san ba zai amfane ka ba.

Ni ma'aikaciyar ɗakin gwaji ce, na daɗe ina ɗibar jini ina gwajin aikin hanta, kuma abin da nake gani ne ya kai ni ga wannan bincike. Binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Yawancinsu ba su sani ba, don cutar tana iya shekaru tana cin hanta a ɓoye. Ga kuma gubar aflatoksin da ke fita a gyaɗa da masarar da aka adana da danshi, wadda in ta haɗu da wannan cuta haɗarin kansar hanta yake ninkuwa. Sai mutum ya zo mana ciki ya kumbura, ido ya yi ɗorawa, an sha saiwoyi an gaji. A lokacin abin da za a iya yi masa kaɗan ne. Duk wata alama a jini da za ta iya nuna hanta ta fara jin jiki da wuri, abin a bi ta ne da gaske.

Ga wanda ba ɗan fannin ba, ga abin da ake magana a kai. DNA ɗin da ke ƙwayar halittar hanta ita ce dai ke cikin ta ƙwaƙwalwa da ta ƙashi. Abin da ya bambanta su shi ne wace ƙwayar gado ce ke aiki a ina, kuma da wane ƙarfi. Idan ƙwayar gado za ta yi aiki, ana kwafe ta zuwa wani dogon saƙo da ake kira mRNA, a karanta saƙon a ƙera furotin. Ita maikro-RNA ba a ƙera komai da ita. 'Yar guntuwa ce, haruffanta kusan 22. Da tsawonta ake fara kwafo ta, a lanƙwashe, sai wani sinadari mai suna Drosha ya datse ta tun a cibiyar ƙwayar, a fito da ita waje Dicer ya sake datsewa, sannan a ɗora ta a kan furotin ɗin Argonaute. Da shi take yawo tana neman saƙon da haruffansa suka dace da nata, musamman na biyu zuwa na takwas. In ta samu ta manne, sai ƙera furotin daga wannan saƙo ya ragu, ko saƙon ya lalace da wuri. Galibi ba ta kashe aikin ɗungurungum. Kamar mai tuwo ce da ta ga wuta ta yi yawa ta zare itace ɗaya daga murhu. Maikro-RNA guda tana iya taɓa saƙonni ɗaruruwa, kuma ɗan Adam yana da irinsu fiye da dubu.

A jikin wata 'yar tsutsa aka fara ganin ta, C. elegans, wadda tsawonta bai wuce milimita ɗaya ba. A 1993 ɗakin binciken Ambros ya nuna cewa ƙwayar gadon lin-4 ba furotin take bayarwa ba, guntun RNA ne, na Ruvkun kuma ya nuna inda guntun yake manne wa saƙon lin-14 ya danne shi. Shekara bakwai mutane suna ɗaukar abin a matsayin wata baƙuwar ɗabi'a ta tsutsa, sai a 2000 da aka gano let-7, aka kuma same ta a ƙuda da kifi da mutum. A 2002 George Calin da Carlo Croce suka nuna miR-15 da miR-16 suna ɓacewa ko su ragu a wani nau'in kansar jini. A 2008 kuma aka tabbatar cewa maikro-RNA tana yawo a ruwan jini ba tare da ta lalace da sauri ba, don tana fake a jikin furotin ko cikin 'yan ƙananan ƙunshi. Daga nan ne irin aikina ya samo tushe. Wadda na bi ita ce miR-122, wadda ita kaɗai ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na maikro-RNA da ke hanta. Idan ƙwayoyin hanta suka ji rauni sai ta kwararo cikin jini, kuma masu bincike a Birtaniya sun ga tana tashi a jinin waɗanda suka sha farasitamol fiye da ƙima tun kafin ALT, gwajin hanta da muka saba dogara da shi, ya motsa.

To, ranar da na fara zuwa wurin, farashi na je tambaya. Shugaban wurin, wanda kowa ke ce wa Dakta, bai taɓo maganar kuɗi ba sai da ya gama yi min tambayoyi.

"Malama, wace kwalba za ki ɗebi jinin da ita?"

Na ce ta EDTA, mai murfi shunayya.

"Madalla. Kar ki yarda a sa miki ko ɗaya a mai koren murfi. Hefarin da ke cikinta, mai hana jini daskarewa, yana bin RNA har cikin inji ya hana PCR tafiya. Asibitin da za ki ɗiba akwai injin juya jini? Daga fitar allura zuwa juyawa, minti nawa?"

Haka ya yi ta bi daki-daki: kaurin allura, daɗewar igiya a damtse, ko za a girgiza kwalba ko a juya ta a hankali, ko kular da zan ɗauko da ita tana riƙe ƙanƙara a cikin adaidaita sahu da tsakar rana. Daga ƙarshe ya zaro takarda shafi ɗaya ya ba ni, ko sisi ban biya ba tukuna. A juya jinin cikin awa biyu. A juya sau biyu, na farko a hankali don raba ruwan jini, na biyu da ƙarfi don kawar da ƙwayoyin daskarar da jini, saboda su ma cike suke da tasu maikro-RNA. A rarraba ruwan a ƙananan kwalabe, don kar a riƙa narkar da guda ana mayarwa. Na manna takardar a bangon da nake ɗibar jini, kuma zan iya cewa rabin ingancin aikina daga wannan shafi ya fito.

Teburin karɓar samfur shi ne wurin da ya fi burge ni, duk da cewa nan ne raina ya fara sosuwa. Wata matashiya ce ke zama a wurin, ba ta da yawan magana. Kowace kwalba sai ta ɗaga ta kusa da taga, ta kara farar takarda a bayanta, ta ƙura mata ido. Ruwan jini mai kyau ruwan ɗorawa ne garau. Wanda ta ga ya ɗan sirka da ja, ko da kaɗan ne, sai ta ajiye shi gefe a kan ƙanƙara. Sannan ta ɗiga ɗigo ɗaya daga kowanne a wani ɗan inji da ke auna haske a zangon nanomita 414, inda sinadarin jajayen ƙwayoyi yake bayyana, don akwai fashewar da ido ba ya kamawa. Da ta gama ta turo min wasu kwalabe ta ce waɗannan ba za su shiga ba.

Na yi mata magiya. Kowace kwalba mutum ne da na zauna na yi wa bayani har ya amince, wasu daga ƙauye suke zuwa, ba lallai in sake ganinsu ba.

Ta ce, "Anti, ki yi haƙuri. In na saka su injin zai ba ki lamba, ba zai ƙi ba. Amma lambar ba ta hantar mutumin nan ba ce."

Gaskiyarta ce, kuma ya kamata duk mai shirin wannan aiki ya fahimci dalili. Jajayen ƙwayoyin jini maƙare suke da wasu maikro-RNA, musamman miR-451a da miR-16. In kaɗan daga cikinsu suka fashe a kwalba, saboda siririyar allura ko zafi ko jijjiga, sai su zubar da abin cikinsu a ruwan. Ita miR-122 ba daga nan take fitowa ba. Amma ba a auna maikro-RNA ita kaɗai, sai an gwada ta da wata da ake ɗauka ba ta canzawa, kuma miR-16 tana cikin waɗanda mutane suka fi ɗauka a wannan matsayi. Ma'auni ya kumbura, sai abin da kake aunawa ya fito kamar ya ragu, ka rubuta cewa cuta ce ta rage shi alhali allura ce. Akwai samfuran da suka tsaya a tsakiya, su kuma sai da aka gwada tazarar da ke tsakanin miR-451a da miR-23a, wadda fashewar ba ta taɓa ta, a cikinsu kafin a yanke hukunci. Abin lura a nan: bisa yawan samfur ake biyansu. Kowace kwalbar da yarinyar nan ta ture, kuɗi ne ta hana wurin aikinta. Da sun karɓa duka ba zan taɓa sani ba, malamin da ke duba aikina ma ba zai sani ba.

Wani abu da ya shafe mu musamman a Kano shi ne sikila. Mai sikila jajayen ƙwayoyinsa a cikin jiki suke fashewa tun kafin a soka masa allura, don haka komai ƙwarewarka a ɗibar jini za ka ga alamar. Dakta ne ya ce in ƙara tambayar rukunin jini na AA, AS ko SS a takardar da majinyata ke cikewa. Abin mamaki kuma, a 2012 masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka sun nuna cewa miR-451 da let-7i, waɗanda suke da yawa a jajayen ƙwayoyin masu sikila, suna shiga jikin ƙwayar zazzaɓin cizon sauro su rage mata girma. Ga sikila a gidajenmu, ga sauro, ga ɗalibai masu ƙwazo. Ina fatan wani daga cikinsu zai ɗauki wannan bakin zare.

Sai maganar firiza. Kowa ya san halin wuta a garin nan, kuma kowa ya san Afrilun Kano, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Samfur irin wannan a digiri 80 ƙasa da sifiri ake ajiye shi. Suna da sola da batura, ga janareta a baya. Wannan kowa zai iya faɗa maka. Abin da na gani da idona shi ne takardar da ke manne a ƙofar firizar, da biro ɗaure da zare, ana rubuta sanyinta safe da yamma ana sa hannu. Na roƙi tsofaffin takardun aka ɗauko min fayil, na bi su baya har watannin bazara. Akwai ranar da sanyin ya ragu sosai, an rubuta lambar yadda take, an rubuta a gefe cewa batir ne ya ba da matsala, da lokacin da aka tayar da janareta. Wannan layin ya fi kwantar min da hankali a kan sauran duka. Takardar da ba ta taɓa nuna matsala ba a garin nan, ni ba zan yarda da ita ba.

Sun bar ni na shiga ɗakin tacewa na yi wasu da hannuna, bayan na sa riga da safar hannu da takunkumi. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, tagoginsa a liƙe saboda ƙurar hunturu, ana goge teburi kafin a fara da bayan an gama, don sinadarin da ke cinye RNA yana nan a fatar hannu da yawu da ƙura. Ruwan jini maikrolita 200 ake ɗauka daga kowane samfur, daidai wa daida, saboda RNA ɗin da ke ciki ya yi ƙanƙantar da injin aunawa na yau da kullum ba zai faɗi yawansa da gaskiya ba. Bayan an zuba sinadarin da ke narkar da furotin, sai a ɗiga wa kowace kwalba adadi ɗaya na wata maikro-RNA ta roba mai suna cel-miR-39. Ta tsutsar nan ce ta 1993, jikin mutum ba shi da ita, don haka duk abin da aka gani nata a ƙarshe daga ɗigon nan ya fito. In ta fito daidai a duk kwalabe, tacewa ta yi kyau. In ta yi ƙasa a wata, an yi asara a hanya ko wani abu yana danne PCR.

A nan ma sun hana ni abin da na gani a rubuce-rubuce da dama, wato amfani da U6 a matsayin ma'auni. U6 wata guntuwar RNA ce ta cibiyar ƙwaya. A tsokar da aka yanko tana da amfani, amma a ruwan jini ba ta da tabbas, tana hawa tana sauka, shi kansa ciwon hantar ma yana canza ta. Dakta ya zauna da ni da malamina a waya har aka daidaita a kan abin da za a yi. Ba ya cikin abin da na biya.

Shi kansa PCR ɗin ba shi da wani dogon labari. Da yake maikro-RNA ta yi gajarta, sai an ƙara mata jela kafin a mayar da ita DNA, sannan inji ya yi zagaye 40 yana ninkawa. Kowane samfur a rami fiye da ɗaya na farantin injin aka sa shi, sakamakon ramukan ya zo kusa da juna, ramin da aka sa wa ruwa zalla kuma bai tashi ba. Abin da na samu game da majinyatana yana hannun malamina, ba zan fitar da shi ba sai na kare aikin a gaban malamai.

Yanzu ga inda suka gaza. Na farko kuɗi. Ba tsadar kaɗai ba, don na san sinadaran daga waje ake sayo su da dala, kuma araha ba ta ado a irin wannan aiki. Matsalar ita ce ba su da rubutaccen farashi. Da baki aka faɗa min, na je na haɗa kuɗi da adashi da taimakon maigida, na dawo aka ce dala ta motsa. Ɗalibin da ke biya daga aljihunsa yana bukatar takarda mai kwanan wata da ta ce wannan farashi zai tsaya zuwa lokaci kaza. Na biyu jira. Firaima, wato 'yan guntayen DNA da ke nuna wa inji abin da zai ninka, da sinadaran maikro-RNA ba sa ajiye su, sai ka biya ake yin oda, kuma lokacin da aka ce min za su iso ya wuce ya sake wucewa ba wanda ya kira ni. Ni ce kullum mai bugawa. Injin kuma ɗaya ne, gwajin marasa lafiya ne a gaba, wanda haka ya dace, amma da sun ware wa ɗalibai rana guda a mako da ba a riƙa ce mana mu dawo gobe ba.

Na uku ya fi damuna a matsayina na ma'aikaciyar lafiya. Wurin jiransu ƙarami ne, allon katako ne kawai ya raba shi da ofishin Dakta, duk abin da aka faɗa a ciki na waje yana ji. Wurin da ake ba mutane sakamakon ciwon hanta bai kamata ya zama haka ba. Ta wannan allo ne na ji wata magana da ba don ni aka yi ta ba. Zan kawo ta ba tare da wata alamar mai ita ba, don darasin da ke ciki na kowa ne.

Wani dattijo ne ya zo da ɗansa. Yayansa ya rasu da kansar hanta, shi kuma an ce yana da ciwon hanta nau'in B. Ɗan ya karanta a intanet cewa akwai sabon gwajin jini na maikro-RNA da ke gano cutar kansa tun ba ta fito ba, sun kuma ji ana yi a nan. Ya ce ko nawa ne zai biya.

Dakta ya yi masa ta'aziyya, sannan ya ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, injin da zai auna muna da shi. Amma in na ba ka lamba, babu likitan da zai iya ce maka ga ma'anarta a kanka. Wannan na bincike ne, bai kai a yi wa mutum hukunci da shi ba. In na karɓi kuɗinka na ci haram."

Ya lissafa masa abin da zai amfane shi: a auna yawan ƙwayar cutar da aikin hanta, ya ga likitan hanta a duba ko lokacin fara magani irin tenofobir ya yi, a riƙa yi masa hoton hanta duk wata shida tare da gwajin jini na AFP mai nuna alamar kansar hanta, a gwada matansa da 'ya'yansa a yi wa marasa ita rigakafi, jariri kuma a yi masa allurar cikin awa 24 da haihuwa. Dattijon ya fito yana sa masa albarka.

Abin da Dakta ya faɗa shi ne matsayin da fannin yake. An yi ƙoƙarin yin magani da maikro-RNA, kuma hanyar ba ta zo da sauƙi ba. A 2005 aka gano ƙwayar ciwon hanta nau'in C tana dogara da miR-122 kafin ta hayayyafa. Wani kamfanin Denmak ya haɗa maganin da ke toshe miR-122, sunansa miravirsen, kuma sakamakon da aka wallafa a 2013 ya nuna yana rage ƙwayar cutar a jinin majinyata. A ƙarshen shekarar aka amince da sofosbuvir, ƙwayar da ake haɗiya, wadda ita da 'yan uwanta suke warkar da fiye da tara cikin goma a mako 12, sai hankali ya koma can. MRX34, wanda aka ƙera don ya kwaikwayi miR-34a mai danne cutar kansa, an gwada shi a kan majinyata ciki har da masu kansar hanta, aka dakatar a 2016 bayan garkuwar jikin wasu ta yi mummunar tayarwa har aka rasa rayuka. Ƙarfin maikro-RNA shi ne matsalarta: abin da ke taɓa saƙonni ɗaruruwa da wuya ka sa ya taɓa wanda kake so kaɗai. Har lokacin da aka ba da kyautar Nobel ɗin nan babu maganin maikro-RNA ko ɗaya da hukumomin magunguna suka amince da shi. 'Yar uwarta siRNA, wadda ke bin hanyar Argonaute ita ma amma saƙo ɗaya take hara, ita ta riga shiga asibiti, da patisiran a 2018, daga baya inclisiran mai rage kitsen jini.

Ta ɓangaren gano cuta an fi matsawa gaba. Misalin da ya fi ƙarfi shi ne miR-371a-3p a kansar 'ya'yan maraina, wadda binciken da Jamusawa suka jagoranta ya nuna tana kama kusan tara cikin goma na masu cutar, abin da tsofaffin gwaje-gwaje ba su kai ba. A Amurka ana haɗa maikro-RNA a gwajin ƙullutun maƙoƙo don a rage yi wa mutane tiyatar da ba dole ba. Amma gwajin jini guda da za a ce ya gano maka kansar hanta ta maikro-RNA, a ba ka amsa ka tafi gida da ita, bai zama aikin asibiti ba. Tsorona shi ne kar wani ya rigayi ilimin ya buga allo ya fara karɓar kuɗin mutane masu firgici, domin injin yana nan, kuma zai ba da lamba ga duk wanda ya saka masa jini. Kuma yawancin abin da aka sani an samo shi ne daga jinin Turawa da 'yan Asiya. Namu, da sikilarmu da zazzaɓinmu da aflatoksin ɗinmu, sai mun auna da kanmu, kuma sai samfurin ya zama mai tsabta kafin lambar ta yi amfani.

Akwai ƙorafi na huɗu, kuma shi ne wanda zai iya cutar da ɗalibi kai tsaye. Da aka gama, takarda aka miƙo min mai jerin lambobi da aka riga aka taƙaita. Ni kuwa ainihin fayil ɗin injin nake so, mai lanƙwasar kowane rami da zagayen da kowanne ya tashi, har da na ruwa zalla da na cel-miR-39, domin su ne hujjata idan malamin waje ya tambaye ni, kuma mujalla mai daraja za ta nema. Sai da na yi ta zarya kafin a kwafa min a filashi, ana ce min ba su saba bayarwa ba. Ba ɓoye wani abu suke yi ba, da na duba komai lafiya lau yake. Tsarin marasa lafiya suka ɗora wa ɗalibai, alhali bukatar ba ɗaya ba ce. Lissafin bayan nan ma ba sa yi, sai ka nemi wanda ya iya ko ka koya. Na faɗa wa Dakta wannan baki da baki, da maganar allon katakon, ya ce za su duba. Kafin su gyara, duk wanda zai je ya sa a rubuta masa farashi, da ranar isowar sinadarai, da cewa za a ba shi fayil ɗin injin gaba ɗaya, a sa hannu, sannan ya biya kashin farko.